Tsohon da Ya Shigo da Tsummansa

Ranar ce ta ƙarshe a watan gwajin Auta. Tun kafin a buɗe ƙofa Manaja ya tara ma'aikata a bayan kanta, ya ce yau Madam za ta zo daga hedikwata, kuma abin da ta rubuta shi zai raba wanda za a riƙe da wanda za a sallama.

"Kofi ɗaya, minti biyu," in ji shi. "Murmushi. Gaisuwar da aka koya muku, ba ta gidanku ba. Wanda bai sayi komai ba, ba ya zama."

"Yallaɓai, in murmushin ya ƙare da tsakar rana, a wane sito ake ɗebo wani?" in ji Rediyo, wanda bakinsa ya jawo masa sunan.

"A siton da za ka karɓi takardar sallama."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta gyara zaman hularta, ta ja ta har kusa da gira.

Garin ƙarami ne. In ka cire kwalejin, ba abin da zai rage sai titi ɗaya da 'yar kasuwa. Amma cikin shekara guda kamfanoni uku masu sayar da gahawa suka sauka a cikinsa, kowanne da gilasai da fitilu da kujeru iri ɗaya. Wannan shi ne na uku, shi ya samu kwanar da ke kallon ƙofar kwaleji. A wannan kwanar mahaifin Auta ya yi shekara talatin da ɗaya yana dafa wa ɗalibai shayi da gahawa. Da na farko da na biyu suka buɗe, ɗalibai suka fara janyewa. A daidai lokacin ne kan Baba ya fara juyewa, yana sa gishiri a madadin sukari, yana kiran ɗalibai da sunayen waɗanda suka gama tun tuni. Mai ginin ya ba kamfani wurin. Ranar da aka ɗaura allon sunansu, yayan Auta ya jefi gilashin da dutse, ya bar gari.

Shi ya sa Manaja, wanda baƙo ne a garin, ya tambayi duk mai neman aiki ko yana da alaƙa da mutanen da suka tashi daga nan. Auta ta ce a'a. Ba ta sha wuyar ɓoyewa ba, don a shagon Baba aikinta a baya yake, wurin wanke kofuna, kaɗan ne suka san fuskarta. A gida kuwa ita kaɗai ke fita nema. Maganin Baba da abin da za a ɗora a wuta duk a wuyanta suke.

Mutum ɗaya ne ya gane ta, wani malamin lissafi mai furfura da ke zama a gindin taga. Ranar farko ya dube ta, ta dube shi, ya karɓi kofinsa bai tona mata asiri ba. Haka suka ci gaba.

Ƙarfe goma Madam ta iso. Ba ta da tsawo, ba ta da fara'a, ba ta kuma ɗaga murya. Ta zauna a teburin da ya fi kusa da kanta, ta ajiye ƙaramin littafi, ta kunna agogon wayarta. Duk kofin da aka fara sai ta taɓa wayar, in an miƙa ta sake taɓawa. Aikin Auta na tafiya. Sau ɗaya ma ta ga Madam ta gyaɗa kai.

Wajen sha ɗaya aka fito daga lacca, layi ya kai ƙofa. Auta ta ɗago don ta ga yawan mutane, sai ta hango Baba ta gilashi yana tsallaka titi. Takalminsa wari da wari ne, tsohon tsummansa na kafaɗa. Mama takan rufe ƙofar gida da kwaɗo in za ta fita. Yau dai an samu kuskure.

Madarar da take zubawa ta tumbatsa ta zuba mata a yatsa.

Baba ya shigo kamar wanda ya makara. Bai kalli kowa ba, ya fara da teburin farko, ya goge shi tas. A na biyu ya ɗaga kwamfutar wata ɗaliba ya goge ƙarƙashinta ya mayar. Ɗalibar ta cire abin sauraro daga kunne tana bin sa da kallo. Tebur bayan tebur yana matsowa, har ya iso kanta, ya tsaya a gaban Auta.

Ya dube ta sosai.

"Ke sabuwa ce?"

Kwanan nan haka yake. Wata rana ya san ta, wata rana ya ɗauke ta 'yar maƙwabta. Yau, cikin hula da rigar kamfani, babu ita a idonsa ko kaɗan. Ta ji wani sanyi ya ratsa ta, sai kuma kunyar sanyin ta biyo baya.

"Eh," ta ce a hankali.

"Wa ya koya miki ba mutum gahawa a takarda? Ɗan mutane ya biya kuɗinsa ki miƙa masa takarda? Ina kofunan tangaran?"

Kafin ta amsa ya ɗaga katakon da ke tare hanya ya shigo bayan kanta. Rediyo ya ja da baya riƙe da butar madara.

"Baba, barka da zuwa, amma nan ɗakin amarya ne, ba a shiga sai da izini."

"Rufe mini baki ka ɗauraye hannunka," in ji Baba.

Manaja ya taho da sauri, murmushinsa a manne, idonsa rabi a kan Madam.

"Baba, yi haƙuri, nan wurin ma'aikata ne. Zo in raka ka waje."

"Kai kuma wane ne?"

"Ni ne manaja."

"Manaja." Baba ya auna shi daga sama har ƙasa. "Ni ban ɗauki manaja ba. Shago mai tebur shida, me zan yi da manaja?"

Aka yi dariya a layi. Aka ɗaga wayoyi biyu ko uku. Baba ya juya ga injin gahawa, ya tsaya yana kallonsa, yana neman murhunsa a wurin. Ya kai hannu yana lalube kusa da bututun da ke fesa tururi.

Manaja ya juyo ga jama'a. "Don Allah, akwai wanda ya san dattijon nan? Akwai wanda ya san gidansu?"

Auta ta ji idon malamin lissafi a gefen fuskarta. Ba ta juya ba. Ta rufe kofin da ke hannunta da murfi, ta miƙa, ta ce, "A sha lafiya, sai mun sake ganinka," kamar yadda aka koya musu. Muryarta ta fito daidai. Madam ta taɓa waya.

"Kira maigadi," in ji Manaja.

Auta ta san abin da zai biyo baya. Watan jiya wani maƙwabci ya riƙe hannun Baba don ya hana shi fita. Baba ya yi ta kokawa har ya faɗi ya fasa leɓe, ya kwana biyu bai ci abinci ba, yana kuka kamar yaro. Baba ba ya jure a riƙe shi.

Maigadin ƙato ne, ba mugu ba, amma aikinsa ke nan. Ya ce, "Taho, tsoho," ya kama wuyan hannunsa. Baba ya ƙanƙame ƙarfen injin da ɗaya hannun. Yatsunsa da bututun tururi bai fi faɗin tafi ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, ya fara wani gurnani da Auta ta sani.

"Sake shi."

Ba ta san da ƙarfi ta faɗa ba sai da ta ga kowa ya juyo. Maigadi ya dubi Manaja, ya sassauta riƙon. Ta matso kusa da Baba, ba ta taɓa shi ba.

"Baba, lokacin tashi ya yi. Mu tafi gida."

Ya dubi shagon yana haki. "Tashi? Kujeru na ƙasa ki ce tashi? Wane irin aiki aka koya miki?"

Gaskiyarsa. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa barin wurin nan ba sai an kifa kowace kujera a kan tebur, ya bi ya duba. Ko ranar da aka haife ta, Mama ta ce, sai da ya kifa kujeru kafin ya tafi asibiti. In ba a yi ba, ba zai fita da ƙafarsa ba.

Ta ƙirga kujerun da ido. Goma sha takwas. Uku ne kawai babu kowa a kai.

Ta fito daga bayan kanta, ta ɗauki ta farko ta kifa a kan tebur.

"Me kike yi?" Manaja ya biyo ta yana magana ta cikin haƙora. "Kin haukace ne? Madam na kallo. Kin san shi ne?"

Ta kifa ta biyu. "Babana ne."

"Me kika ce?"

"Babana ne, Yallaɓai. Shagonsa ne da. Ka ba ni minti biyar, zai fita da kansa."

Ba ta tsaya jin amsarsa ba. Saura mai wuyar. Ita da ko gaisuwar kamfani sai da ta yi mako tana maimaitawa a banɗaki kafin ta iya faɗa wa baƙo, yanzu za ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya ta tashe su.

"Don Allah, 'yar'uwa, ara mini kujerarki. Yanzu zan mayar."

Ɗalibar mai kwamfuta ta miƙe ba musu, ta rungume kayanta. Wasu biyu suka bi. A tebur na huɗu wani saurayi ya miƙe ƙafafu.

"Ni na biya kuɗina. Ba inda za ni."

"Don Allah."

"In shagon ubanki ne, ki kai ƙara wurin mai gini."

Ta waiwaya, Baba na nan riƙe da ƙarfen, yana kallo. Sai ta ji ƙarar kujera a gindin taga. Malamin lissafi ya tashi, ya kifa tasa da kansa, ya tako a hankali ya tsaya kan saurayin.

"Kai ba kai ne kake zama a layi na uku ranar Talata ba?"

"Ni ne, Malam."

"To."

Saurayin ya tashi yana ƙunƙuni. Daga nan abin ya yi sauri. Wasu suka taya ta, wasu suka kwashi kofunansu suka fice suna tsaki, layin da ke ƙofa ya watse rabi. Rediyo ya ajiye butar madara ya kifa guda biyu, yana cewa ai dama ƙasan na son shara. Manaja ya harare shi, sai Rediyo ya koma wurinsa.

Saura ɗaya. Madam na zaune a kanta, littafi a buɗe, agogon waya na ta gudu.

Auta ta tsaya a gabanta. "Ranki ya daɗe."

Madam ta dube ta, ta dubi tsohon. Ta rufe littafin, ta ɗauki wayarta, ta miƙe ta koma gefe. Auta ta kifa kujerar.

Baba ya saki injin. Ya fito yana bin teburan, ya gyara wata da ta karkace, ya goge ƙafar wata da tsummansa. A bakin ƙofa ya juyo ya yi wa shagon kallo ɗaya.

"To, yanzu aka yi aiki," ya ce.

Manaja ya tare ta kafin ta fita. Ba ya huci yanzu, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ajiye hular da rigar. Da kujerun ne kaɗai, da na roƙa miki. Amma na tambaye ki ranar farko, kika dubi idona kika ce a'a."

"Na sani, Yallaɓai."

Ta cire su ta ninke ta ɗora a kan kanta. Madam ta sake buɗe littafinta tana rubutu a tsaye.

A waje rana ta take. Baba na tsaye a bakin titi yana jiran mota ta wuce. Ta bayan gilashi Auta ta ji an fara sauke kujeru, ƙafafunsu na bugun ƙasa ɗaya bayan ɗaya. In ya ji, in ya waiwaya, komawa zai yi. Ta zagaya ta tsaya tsakaninsa da gilashin.

"Mene ne wancan?" Ya fara juya kai.

"Baba, ni sabuwa ce, ban iya ba. Yaya ake gane ruwa ya yi daidai a zuba gahawa?"

Ya tsaya. Ya dube ta da tausayi.

"Ba a gaya miki ba? Kunne ake sawa, ba ido ba. Da farko buta za ta yi kamar tana raɗa..."

Motar ta wuce. Ya sauka kan titi yana bayani da hannu, ita kuma tana gefensa, kafaɗarta dab da tasa, tana cewa to, to, sai kuma me, har suka tsallaka.