Gidan da Aka Ce Ruwa Ya Tsallake

Wata uku bayan ambaliyar ranar Larabar nan ta lokacin aikin Hajji, labari ya bazu tsakanin Hausawan unguwar Madain Fahd ta Jidda cewa akwai wani gida a gabashin babban titi da ruwa ya zo ƙofarsa, ya rabu biyu, ya wuce. Motoci sun hau kan motoci a layin, katangu sun zube dama da hagu, amma gidan Alhaji Othman ko daɓensa bai jiƙe ba. Wasu suka ce ai mutumin kirki ne, duk azumi yana ciyarwa. Wasu suka ce malami ne ya binne masa wani abu a harsashin ginin. Masu ilimin zamani kuwa suka ce injiniyan ne ya san aikinsa, shi ya sa kamfanin inshora ya yarda ya tsaya wa gidan alhali ya ƙi na maƙwabta.

Hajiya Turai ta ji duka ukun, ba wanda ya kwanta mata. Shekara talatin ta yi tana koyar da 'yan mata nahawu da lissafi, kuma duk ranar da aji ya haɗa baki a kan amsa ɗaya, ranar take sake duba allo. Da maganar ta wasu ce da ta bar su da abinsu. To amma surukinta Abdulghaffar ya riga ya gama magana da Othman, ranar Asabar zai sa hannu a takardar haya, kuma ɗakunan ƙasa ya kama, saboda gwiwoyinta sun daina hawa bene. A nan za ta riƙa kwana, ita da 'yarta Zakiya da tagwayen da ba su fara tafiya ba.

"Zakiya, tambayi mijinki, ruwan nan da ya rabu biyu, wa ya gani?" in ji ta, alhali mijin na zaune bakin ƙofa yana cire takalmi. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa kama sunansa ba.

"Ai kowa ya gani, Hajiya," ya amsa, kansa a ƙasa.

"Kowa ɗan gidan waye? A ba ni sunan mutum ɗaya in je in gaishe shi."

"Ya Ummi, halas mana, ya isa haka," Zakiya ta ce. "An samo mana ɗaki uku da tsakar gida a araha, mu fita daga wannan akurkin, ke kuma sai bincike kamar 'yar jawazat mai farautar marasa takarda."

"Arahar ce ta hana ni sukuni. Yaushe Othman ya fara sadaka da ɗakuna?"

Abdulghaffar ya zaro takardu daga aljihun riga, ya miƙa wa matarsa, ita ta miƙa wa uwar. Kwafin takardar inshorar ce, ga tambari ga sa hannu. Turai ta sa tabarau ta bi ta layi layi da yatsa, yadda take bin jarrabawa. Gobara tana ciki, sata tana ciki, fashewar bututu tana ciki. Ta juya.

"Ga shafi na ɗaya, ga na biyu, ga na huɗu. Ina na uku, inda ake jera abin da ba su ɗauka ba?"

"Wataƙila injin ne ya tsallake shi, Hajiya."

"Gidan nan komai tsallake shi yake yi," ta ce, ta naɗe takardar.

Da hantsin Alhamis ta sa Zakiya ta goya ɗaya daga cikin tagwayen, suka bar ɗayan wajen maƙwabciya, suka hau tasi. Tun daga shiga unguwar kowace katanga tana ɗauke da zanen laka, wata a ƙugun mutum, wata a kafaɗa. Katifu sun bushe sun ƙandare a bakin hanya. A tsakiyar wannan ɓarna gidan Othman yana tsaye fari fat, yana ƙamshin fenti.

Shi kansa ya tarbe su, da farar jallabiya da carbi. Haifaffen Jidda ne, Hausarsa na gaba Larabci na bin ta a baya.

"Ahlan, ya khala! Tafaddali, gida naki ne."

Ta shiga tana dogara sanda. Ta ce fentin sabo ne. Ya ce haka yake yi wa duk sabon ɗan haya. Ta ce ƙofofin ma sabbi ne; ya ce gara ce ta cinye tsofaffin. Ta tsaya gaban wurin jona wuta, wanda aka kafa daidai ƙirjinta, ta ce ita dai a ko'ina kusa da ƙasa ta san ana sa su.

"Saboda yara ne, ya khala. Kina da jikoki masu rarrafe, sah?"

"Allah ya saka da alheri. Ashe tun kafin ka san da su ka yi musu tanadi."

Ya yi dariya kamar ta yabe shi. Da ta tambayi shafi na uku, ya ce yana wajen mai kula masa da takardu, in sha Allahu bayan Asabar. Ta tare wata mata da ke saukowa daga bene, ta tambaye ta yadda aka yi ranar ambaliyar. Matar ta dubi Othman, ta ce su ranar suna Makka. Zakiya kuwa har ta fara auna tagogi da taƙi saboda labule. A karon farko Turai ta ji ranta yana ce mata ko tsufa ne kawai ya mai da ita mai zargi.

Aka kira Othman a waya, ya fita waje. Ita kuma ta bi wani lungu tana neman famfo ta wanke hannu, sai ta ɓulla bayan gida, ta yi turus. Kuɓewa ce tsaye har kafaɗa, ganye shar, ga yakuwa, ga alayyafo, a cikin kwamin da aka kewaye da fasassun bulo. Wani magidanci yana durƙushe yana cire ciyawa.

Turai 'yar Haɗeja ce, tana amarya aka kawo ta Jidda. Shukar barkonon da ta mutu mata a gwangwanayen madara ta fi a ƙirga, don rairayin garin nan gishiri ne da ƙura. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗebo ƙasar kwamin, ta murza. Sulɓi gare ta, ta manne a yatsa. Ta sansana.

"Sannu da aiki, Malam. Daga wace ƙasar?"

"Yawwa, Inna, sannu da zuwa. Badaru nake, mutumin Wurno. Ni ne mai gadin nan."

"Ai na ga alama. Wannan hannun ɗan fadama ne. Shekara talatin da biyar ban ga kuɓewa irin wannan ba, ko a kasuwa sai 'yan ƙanana kamar yatsun jinjiri."

Badaru ya miƙe, fuskarsa ta washe. Shekara shida ke nan da ya zo umara ya zauna, ba wanda ya taɓa yaba masa komai sai ɗaukar kaya.

"Wallahi Inna ko taki ban sa ba. Ƙasar ce da albarkarta."

"A wace kasuwa ake sayar da ita? In sa a auno mini buhu guda."

"Saye? Ai Allah ne ya kawo ta har ɗaki! Alhaji cewa ya yi mu kwashe mu kai juji. Na ce a raina, Badaru, ka zubar da wannan? A garinmu a kan irinta 'yan'uwa ke zuwa gaban alƙali. Baro arba'in na turo daga falon nan kaɗai, ban da na..."

Ya tsaya. Ya dubi lungun da ta fito. An gargaɗe shi kada ya yi wa kowa zancen ruwa, kuma bai yi ba. Zancen ƙasa ne ba wanda ya hana shi.

"Inna, ki rufa mini asiri. Ba ni da iƙama, ba takardar zama a hannuna."

"Ni ƙasa na gani da idona, na murza da hannuna. Sunanka ba zai fito daga bakina ba. Ga 'yata can da goyo, a ɗakin da ka kwashe lakar za a shimfiɗa shi. Faɗa mini sauran."

Ya juya. Zakiya tana tsaye a bakin lungu, ba a san tun yaushe ba, hannunta ɗaya a bayan yaron. Badaru ya daɗe yana kallon ƙafafun jinjirin da suka leƙo ta gefen zane. Sannan ya taka zuwa bangon, ya yi ɗage, ya dafa wani wuri sama da kan taga. Ya yi magana ƙasa ƙasa, bai ɗaga ido ba har ya gama.

Suka shiga tasi, suka hau babban titi. Zakiya ta ciro waya ta kira mijinta.

"Abban tagwaye, kada ka sa hannu. Gidan a tsakiyar kwarin ruwa yake, in aka haƙa bayansa yashin rafi ne. Ruwa ya shiga ɗakunan ƙasa har saman taga cikin abin da bai kai rabin awa ba. Mutanen da ke ciki ta tagar banɗaki aka jawo su da igiya, tsohuwarsu ba ta fito ba."