Ramin da Zanzaro Ya Toshe

Shekara arba'in da bakwai Sulle Mai Rediyo ya yi a gindin darbejiyar da ke bakin kasuwar Rogo, da teburinsa da ƙarfen dalmarsa, ba a taɓa kama hannunsa an ce ga abin da ya ɓata ba. Agana ta kama shi yana ƙarami, ta kwashe yara huɗu tsararrakinsa a unguwa, shi kuwa ta bar masa zane a fuska ta wuce. Wutar tsohuwar talabijin mai ƙusumbi ta taɓa ɗaga shi ta maka da dangar kara, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ƙarasa gyaran. Tsawa ta faɗo wa eriya yana kan rufin wani gida a Falgore, babban yatsansa na hagu kaɗai ta ƙona, har yau ba ya lanƙwasuwa. Bai taɓa zama a aji ba. Ko sunansa aka rubuta, sai an gaya masa nasa ne. Amma duk abin da ke magana ko yake nuna hoto daga Rogo har Ƙaraye, ya san cikinsa.

To wannan mutumin ne aka wayi gari ana cewa ya lalata talabijin. Shi, Sulle!

Kuma wa ya faɗa? Bahauddeen, ɗan Yelwa mai ƙosai, wanda Sulle ya ci naman sunansa da hannunsa. Yanzu ya haura talatin, ya buɗe gidan gem kusa da tashar 'yan acaɓa, inda samari ke zama suna buga ƙwallo a cikin na'ura. Bayan an cire gyaɗa ya tafi Kano ya dawo da talabijin mai faɗin ƙyauren ɗaki, siririya kamar faifai, ya zo da kansa ya roƙi Sulle ya kafa masa ita a bango.

Ranar kafawar bakin Bahauddeen bai rufu ba. "Baba, wannan fa ba irin waɗanda kuka saba ba ce. Tana da VRR."

"Tana da me?"

"Na'urar gem ba kullum take aiko hoto da gudu ɗaya ba. Wani lokaci ta yi sauri, in 'yan wasa suka cika fili ta ɗan ja baya. Tsohuwar talabijin ba ruwanta, gudunta ɗaya ne, sai ta haɗa rabin sabon hoto da rabin tsoho, ka ga hoton ya tsage ta tsakiya. Wannan kuwa jira take. Sai an miƙo mata ta nuna."

Sulle ya ce, "Au, lugude kake nufi. Mata biyu a turmi ɗaya, in wannan ba ta jiran waccan ta ɗaga, taɓare su haɗu a sama. Shi ne har aka raɗa masa sunan Turanci?"

A bayan talabijin ɗin akwai ramuka huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa, duk kamarsu ɗaya, kowanne wayar gem za ta shige shi. Akwai ɗan rubutu a gefen kowanne, amma me ya haɗa Sulle da rubutu? Shi aikinsa na ido ne. Ya sa aka kunna wasa, ya soka waya a ramin farko, ya zauna ya kalla. Hoto ya tsage. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Da ya kai na ƙasa, 'yan wasa suka yi ta gudu sumul, ko gezau.

Ya ce, "Nan ne gidanta. Kada a canza mata." Bahauddeen yana amsa kiran waya a lokacin, ya gyaɗa kai kawai.

Sannan Sulle ya yi abin da yake yi wa kowace na'ura da ta bi ta hannunsa. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san zanzaro ba ya ganin rami ya ƙyale. Kwana biyu ya ɗebo laka ya gina ɗakinsa a ciki. Don haka ya cusa auduga a ramuka ukun da ba a amfani da su, ya liƙe bakinsu da kakin zuma.

Wata ɗaya da rabi bayan nan maganar ta fashe. Wai hoto yana tsagewa, samari sun fara komawa wani gidan gem. Bahauddeen bai zo wurin Sulle ba. Babur ya hau ya tafi Ƙaraye ya ɗauko Ikrama, mai gyaran wayar hannu, mai difloma da jakar goyo. Ikrama ya kalli hoto, ya leƙa baya ya hango kaki, ya ce ya gano. Wai tsoho ya ɗiga kyandir a cikin talabijin, zafi ya narkar da shi ya gangara ya kashe gilashi.

Washegari da safe Bahauddeen ya tsaya a teburin mai shayi na bakin kasuwa, inda ba ka rasa mutum ashirin, ya maimaita wannan magana da ƙarfi. Har ya ƙara da cewa zamani ya wuce tsoho, duk mai son kayansa ya kiyaye.

Kafin azahar sai ga Alhaji Maiturare, wanda Sulle ke gyara wa rediyo tun tana cin batir shida. Ya yi sallama, aka gaisa, ya tambayi iyali da gajiya, yana ta kallon gefe.

"Malam Sulle, rediyon nan tawa... zan ɗan karɓe ta tukuna."

"Cikinta a buɗe yake, Alhaji. Ban gama ba."

"Ba komai, a haka ma."

Ya zuba ta a leda da sukurorinta ya tafi. Bayansa mai lasifikar Islamiyya ya zo, bayansa mai fanka. Kafin la'asar teburin da kullum ba ka ganin katakonsa ya zama fili, sai ƙarfen dalma kaɗai.

Sulle ya koma gida ko tuwo bai taɓa ba. Matarsa Baraka ta ce, "Malam, ka je ka duba abin nan mana."

"Ni? Ni zan bi ɗan Yelwa? Ina gyaran talabijin tun uwarsa ba ta san gidan miji ba! Wuta ta jefar da ni ban mutu ba, tsawa ta neme ni ta rasa, sai wani mai jakar goyo ne zai ce ban san kaki da kyandir ba?"

"Duk na sani, a gabana aka yi. Amma ba shi za ka bi ba. Sunanka ne a rataye a bangon can."

Kwana uku yana fita yana zama gaban teburin da ba kowa, yana kora ƙuda. Masu wucewa su gaishe shi daga nesa, rediyonsu a hammata, su miƙe hanyar tasha. Ranar kasuwa da hantsi wani ɗan acaɓa ya gaya masa cewa yau za a sauke talabijin a kai ta Ƙaraye, Ikrama zai farke ta. Sulle ya san in aka farke ta shi ke nan. Duk abin da suka fasa a can, a kansa za a ɗora, ba kuma mai sake ba shi ko tocila ya gyara. Ya ɗauki tocilarsa da ƙaramin sukudireba ya miƙe.

Ya tarar da gidan gem ɗin cike, Ikrama ya taka benci zai fara kwance ƙusa.

Bahauddeen ya tare ƙofa. "Baba, don Allah a bar maganar nan. Abin da ya faru ya faru."

"Matsa. Gawar da aka ce na kashe na zo gani. Ko ita ma an hana?"

Wani daga cikin samarin ya ce, "A bar Baba ya shigo, wataƙila ya zo da ragowar kyandir." Aka yi dariya. Sulle ya dube shi sau ɗaya, dariyar ta mutu.

"Ku kunna."

Aka tada janareto, aka kunna. 'Yan ƙwallo suka fito, suka ruga, sai ga tsaga ta ratsa hoton, kan ɗan wasa a nan, ƙafafunsa a can.

"Ku tsayar da su." Aka tsayar. Hoto ya zauna lafiya lau, ba tabo ko ɗaya.

"Ku sake gudu." Tsaga ta dawo, wannan karon can sama. Ta ɓace, ta ɓullo ƙasa.

Sulle ya juya ga Ikrama. "Kai injiniya, ɗan wa ma kake a Ƙaraye? Bari, ba sai ka faɗa ba. Gaya mini, a makarantarku gilashin da ya mutu yana yawo? Yanzu a sama, an jima a ƙasa, in an tsaya ya warke?"

"Baba, ai abin yana da zurfi. Kakin nan in ya shiga..."

"Sauko mini daga bencin nan."

Ya hau da kansa, gwiwoyinsa na ƙara, ya tura kai bayan talabijin ya haska. Ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi magana, har 'yan acaɓa na waje sai da suka ji.

"Wa ya mayar da wayar nan ramin sama?"

Samari suka shiga kallon juna.

"Na ce wa ya ƙwaƙule kakina ya soka waya a ramin sama? A na ƙasa na bar ta!"

Bahauddeen ya fara sosa ƙeya. Ya ce makon da aka yi manyan wasanni ne ya zare wayar gem, ya sauke talabijin ya kai rumfar waje, don jama'a su kalla ta dish. Ya tuna Baba ya ce kada a taɓa na ƙasa, shi ya sa ya ƙwaƙule na sama da makulli ya sa dikoda. Ta yi kwana shida a rumfa. Da ya dawo da ita zai mayar da wayar gem, sai ya ga na ƙasa a toshe.

"Na ɗauka kai ka toshe shi, Baba. Na ga ai duk rami rami ne, sai na sa a wanda yake buɗe."

"Ni na toshe shi? Da jar laka? Ni zanzaro ne?" Sulle ya haska tocila. "Ku zo ku gani, kowa ya zo! Ga kakina a na biyu da na uku, yadda na liƙa shi, ko ɗigo bai narke ba. Ga kuma ramin da kuka bari a buɗe kwana shida. Abin da nake toshewa dominsa ke nan, ni jahilin da bai yi makaranta ba!"

Suka yi layi suna leƙawa. Ramin ƙasa a shafe yake da busasshiyar laka, an gyara bakinsa tsaf.

Sulle ya sa aka kashe janareto. Ya zari tsinken tsintsiya, ya fere bakinsa, ya shiga sassaƙar lakar a hankali, yana hurawa, don haƙoran da ke cikin ramin sun fi gashi siriri. Da yatsan nan da tsawa ta ƙona yake tallafe tsinken. Laka ta zubo, wata koriyar tsutsa da zanzaro ya ajiye wa 'ya'yansa ta faɗo kan takalmin Ikrama. Ya goge ramin da auduga, ya mayar da waya gidanta.

"Kafin a kunna, kai mai karatu, hau ka karanta mana abin da aka rubuta a gefen ramin nan."

Ikrama ya hau, ya ƙura ido. Muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce rubutun na ƙasa daban yake da sauran. Shi kaɗai ne ke ɗaukar VRR ɗin, ukun na kallo ne kawai.

"Da ka zo ranar farko ba a rubuta ba tukuna?"

Ikrama ya sauko daga benci. Aka kunna. 'Yan wasa suka zuba da gudu daga wannan raga zuwa waccan, hoto sumul kamar ranar da aka kafa ta. Samari suka ɗau ihu, mai maganar kyandir ya fi kowa tafi.

Bahauddeen ya matso ya durƙusa, ya rage murya. "Baba, ka yafe mini. Wallahi kuskure ne."

"Da wa kake raɗa? A nan ka ɓata ni?"

"A'a, Baba."

"To tashi. Inda ka zubar, can za ka kwashe."

Ya tasa shi gaba, Ikrama na biye da jakarsa, samari na biye da su, suka ratsa masu awon gyaɗa har teburin mai shayi. Ranar kasuwa ce, mutanen Falgore da na Ƙaraye duk sun shigo. Bahauddeen ya fara magana ƙasa-ƙasa.

Sulle ya ce, "Ranar nan muryarka ta fi haka. Ban ji ba, kunnen tsoho ne."

Sai da Bahauddeen ya faɗa sau biyu, da ƙarfi: cewa Baba Sulle bai ɓata komai ba, shi ne ya canza rami, kakin kuma kariya ce. Ikrama ma aka sa ya faɗi nasa. Sulle bai tsaya karɓar gaisuwar kowa ba. Ya juya ya koma gindin darbejiya, ya hura gawayi ya ɗora ƙarfen dalma, ko da yake babu abin liƙewa.

Bayan la'asar sai ga Alhaji Maiturare da ledarsa, rediyo a ciki yadda ya ɗauke ta, sukurori na kaɗawa. Ya yi doguwar sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya ce dama shi bai taɓa yarda da maganar ba.

Sulle bai ɗago kai ba. Ya nuna can ƙarshen teburin da babu komai a kansa.

"Ajiye a layi, Alhaji. Akwai na gabanka."