Murfin da Ba Ya Karyewa

An riga an jera kwalayen a bakin ƙofar shagon lokacin da injiniyar shagon ta zaro murfi ɗaya daga ciki, ta ji santsinsa ya yi yawa. Wata huɗu ta yi tana haɗa roba da garin kabon, tana ƙarawa tana ragewa, har ta samu haɗin da lantarki ke bi ta cikinsa kuma ba ya tsagewa. Da shi ya kamata injin bugawa ya gina murafen, layi bisa layi. Aikinsu ɗaya ne: su rufe na'urar auna bugun zuciyar jarirai, su tare siginar wayoyin salula kada ta rikita abin da allo ke nunawa.

Ta ɗora mitar auna lantarki a kan murfin. Allurar ko motsi.

"Kawu, da wace roba aka buga waɗannan?"

Kawunta, mai shagon, yana kishingiɗe a kujera yana sakace. "Da baƙa mana, Malama Injiniya. Ba baƙa kika ce ba?"

"Baƙa da baƙa ai ba ɗaya ba ne! Wannan launi ne kawai, babu kabon a ciki."

"Taki toshe min bakin inji take yi. Dubi wannan." Ya fizge murfin, ya buga da ƙasa, ya hau kai da takalmi. "Ko tirela ta taka, lafiya lau."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Shekara talatin mutumin nan yana gwada kaya da dunduniya, kuma kowa na tafa masa. Ga rahoton gwajinta can a kan tebur, kofin shayinsa ya zana masa zobe uku, ko buɗe shi bai yi ba.

Ana haka sai ga babbar nas ɗin asibitin da ya ba su aikin, riƙe da na'ura ɗaya da takardar da injiniya za ta sa wa hannu.

Kawu ya matso ya rage murya. "Sa hannu, 'yar nan. Kada ki kunyata ni gaban baƙi. Ni na goya ki fa."

Ta kalli biron, ta ajiye. Ta ɗaura wa na'urar murfin Kawu, ta maƙala wayoyin na'urar a tsintsiyar hannunta. Layin bugun ya fito a allo, tsaf. Sai ta kira lambar Kawu. Wayar ta ɗauki ruri a aljihunsa, layin ya haukace, lambobin suka yi tsalle, ƙararrawa ta ɓarke.

"Da jariri ne, Anti, allurar me za ki yi masa?"

Injiniyar ta ciro nata murfin daga durowa, mai kaushi, mummuna, ta canza, ta sake kira. Layin bai ko girgiza ba.

"Irin wannan guda nawa kike da shi?" in ji nas.

"Ɗaya."

"To shi zan ɗauka. Waɗancan ku yi ta takawa."

Bayan nas ɗin ta fita, injin ya ci gaba da tofo baƙar roba.

"Ajiye min makullin shagona ki kama gabanki," in ji Kawu.

Ta cire shi, ta sunkuya ta ɗora a kan murfin da ke ƙasa. Shatin takalmin na nan a jikinsa, amma gaskiyar Kawu ce, ko tsaga bai yi ba.