Falmata Ta Zo Ta Ɗaya

Malama Susanna ta sake goge fuskar kwamfutar ofis da gefen zanenta, amma sunan bai gusa ba. Falmata Umara, aji biyu, ta yi darasi jiya da la'asar, ta ci tara cikin goma. Falmata kuwa wata bakwai ke nan da ambaliya ta tafi da ita. 

Wata ƙungiya ce ta raba wa yaran kwamfutocin hannu su riƙa karatu a gida. Karatu fa! Wasu na'urorin ruwa ya ci, sauran sun koma na kallon fim. Cikin yara arba'in, marigayiyar kaɗai ke ci gaba. Hedimasta ya ce ta goge sunan kafin Litinin, ranar da 'yan ƙungiya za su zo ba wadda ta zo ta ɗaya kyauta, in ba haka ba a bakin aikinta. Da an goge kuma, na'urar yarinyar za ta kulle.

Ta hau keke zuwa unguwar Mafoni, gidan su Falmata. Layin tsit da rana tsaka, shatin ruwa yana nan a bango daidai kafaɗa. Tana zaure ta ji siririyar murya daga ciki: "Ba, ba, Baba." Wallahi muryar Falmata ce. Tsoro ya kama ta, da ƙyar ta yi sallama.

Ya Kellu, mahaifiyar yarinyar, tana kan tabarma, na'urar a cinyarta.

"Ya Kellu, ashe ke ce?"

"Ni ce, Malama. Karatun da ta yi duk yana ciki da muryarta. Ban taɓa shiga aji ba, bakinta nake bi."

Ta taɓa harafi da yatsa, a hankali. Na'urar ta ce, "Madalla, Falmata."

"Kin ji? Unguwar nan kaf an daina kiran sunanta, gudun kar in yi kuka. Wannan kaɗai ya rage." Ta ɗago kai. "Karɓa aka aiko ki?"

Malama ta tuna Litinin, ta tuna hedimasta. Ta tuɓe takalmanta, ta zauna a gefen tabarmar.

"A'a. Jiya Falmata ta faɗi tambaya ɗaya. Kawo mu gyara."