Ranar da Ighlas Ya Ja Amawali

Tekna ba ta taɓa zama a taron maza ba sai ran nan. Ɗanta Alghabid yana tsare a kudu tun tsakiyar tawaye. Yarjejeniyar da aka ƙulla da gwamnati ta ce za a saki fursunoni, amma fa sai kowace runduna ta amince. Rundunar Timiya kuwa ta dare gida biyu, kuma jagoran masu ƙi ba kowa ba ne illa Ighlas, mijin 'yar Tekna. An kashe masa ƙane a bakin rijiya, ya rantse gaban mayaƙansa bakinsa ba zai taɓa cewa i ba. Ga shi mutum ne da in ya buɗe baki, ko raƙumi sai ya bar tuƙa ya saurara.

Ranar taron rundunar da hantsi wata mota ta tsaya ƙofar tantinta, direba ya ce ta hau. Ya sauke ta a ƙoramar da ake taron, ta shimfiɗa tabarma gindin goriba. Ighlas yana tsaye ya fara zuba ke nan, ya hango ta. Sai ya ja amawali har gindin ido, ya zauna. A Azbin wa ya isa ya ɗaga murya gaban surukarsa?

Mutanensa suka yi ta zungurinsa. Wani ya ce, "Haba kwamanda, tsohuwa ɗaya ta fi tankar yaƙi ke nan?" Aka yi dariya, shi dai ko shayinsa bai taɓa ba har shayin ya huce. Da aka ɗaga hannu, masu so suka rinjaya da ƙyar.

A hanyar komawa Tekna ta shiga sa wa direba albarka. Ya ce, "Aiko ni aka yi, Inna. Kwamanda ne. Rantsuwa ta hana shi cewa i, ke kaɗai kika isa ki hana shi cewa a'a."

Bayan damina Alghabid ya dawo, ƙashi da rai, amma da ƙafarsa. Godiya ta cika wa Tekna ciki, ga shi ba ta yi wa suruki magana ido da ido. Sai ta tsaya bayan tantin 'yarta, ta san yana ciki, ta ce, "Ke Tamu, gaya wa uban 'ya'yanki na san abin da ya haɗiye saboda ni. Allah ya jiƙan ƙanensa."

Can ta jiyo sheshsheƙar namiji a cikin rawani. Tamu ta ce tun da aka yi rasuwar, ranar ce ya fara kuka.