Faifan Aro

"Ba saye ba, ba haya ba, aro ne," in ji Manajan gidan rediyon, yana dafe da kantar shagon Dogo mai sayar da kayan kwamfuta. "Namu yana hanya. Da ya iso zan dawo maka da naka da hannuna."

Dogo ya juya faifan ajiyar bayanan kwamfutar a tafin hannunsa, wani ɗan ƙarfe da bai fi sabulun wanki girma ba, ya hure ƙurar da babu a kansa.

"Manaja, ni da kai ba ma haka. Ɗauki. Abu ɗaya nake so: muddin faifaina yana cikin injinku, tallar shagona ce za ta fito gab da labaran rana. Ranar da tallar ta tsaya, in zo in zare kayana."

"Wurin nan fa da mai shi. Kamfanin sabulu ne ke riƙe da shi tun zamanin marigayi."

"Ka ce su matsa kaɗan. Ba kai ka ce naku yana hanya ba?"

Suka tafa. Manaja ya fito yana jin ya yi wayo, ya samo faifai mafi girma a shagon ba tare da ya taɓa aljihu ba. Ya manta banza ba ta kai zomo kasuwa.

Abin da ya kai shi shi ne babbar kwamfutar tashar, wadda suke kira saba, ta cika maƙil. Duk abin da tashar ke watsawa a cikinta yake: waƙoƙi, tallace-tallace, shirye-shiryen shekaru, har da muryar marigayin da ya kafa tashar, mijin Goggon Manaja. Sabon shiri ya ƙi shiga, masu gabatarwa sun fara goge na juna a ɓoye. Kuma ba a kashe sabar, don daga cikinta ake watsa shiri dare da rana. Goggo, wadda tashar ta koma hannunta, ita ke sa hannu kafin a sayi ko da kwan fitila, kuma ƙaramin faifai kawai ta yarda a yi oda.

Ɗakin sabar wani ɗan lungu ne a bayan situdiyo, sanyinsa har cikin ƙashi, na'urar sanyaya ɗakin tana ɗiga cikin bokiti. Injiniyar tashar, mace mai ƙarancin magana, ta zura faifan a gurbinsa har fitilarsa ta koma kore. Ta ja kujera gaban baƙin allo.

"Yallaɓai, zan haɗa shi da tsofaffin su zama ɗaki ɗaya, kamar an rushe bangon tsakani, kuma tasha ba za ta tsaya ba. Amma a shawarata in buɗe daidai girman wanda muka yi oda."

"Sauran fa?"

"Ya zauna a rufe."

"Ya zauna a rufe! Dogo yana cin tallarsa cikakkiya, mu kuma mu ci rabin faifansa? Ke ba 'yar kasuwa ba ce, Injiniya."

"Tsarin da ke kan injin nan ana ƙara masa, ba a rage masa. In na buɗe, ya buɗu ke nan."

Wayar Manaja ce ta yi ƙara, wakilin kamfanin sabulu ne. Ya kara ta a kunne, ya toshe bakinta da tafin hannu.

"Buɗe duka."

"Duka, Yallaɓai?"

Ya yi mata alama da hannu kamar mai korar ƙuda. Ta rubuta 'yan layuka, ta danna. Ta lasifikar bango ana jin mai gabatarwa yana gaishe-gaishe, ko tari tashar ba ta yi ba. Lambar da ke nuna cikar sabar ta faɗo ƙasa warwas. Manaja ya fita yana baza riga.

Washegari muryar Dogo ta fito gab da labarai. Da kansa ya karanta tallar, yana ihu kamar mai kiran fasinja a tashar mota.

Ranar da faifansu ya iso, Manaja ya kai wa Injiniya da kwalinsa.

"Sa wannan, ciro na Dogo. Kunnena ya gaji."

Ta karanta jikin kwalin, ta ajiye.

"Ba zai ɗauka ba. Bai kai rabin na Dogo ba."

"To ai na Dogon ko kwata ba mu cika ba!"

"Injin ba kaya yake aunawa ba, fili yake aunawa. Filin da muka buɗe, dole wanda zai gaje shi ya kai shi."

"Rage filin."

"Na gaya maka ba a ragewa."

"To zare shi kawai, abin da ke kansa ya tafi. Shirin 'yan kwanaki ne."

"Ba bango yanzu, Yallaɓai. In an zare shi ɗakin duka ne zai rufta, har da muryar marigayi."

Manaja ya zauna a kan kwalin takardu. Sanyin ɗakin bai hana gumi tsattsafo masa ba.

"Babu wata hanya?"

"Akwai. A rufe tasha, a kwashe komai zuwa wani wuri, a share injin, a sake gina shi, a mayar. Kwanaki ne ba awoyi ba. Kuma ba mu da wurin da zai ɗauki kayan, tsofaffin faya-fayan ma ban ce za su jure wannan jigila ba."

Ya koma wurin Dogo ya ce a yi ciniki, zai saya. Dogo ya sa aka kawo masa ruwan sanyi.

"Haba Manaja, kaza mai ƙwai ake kai wa mahauci? Tun da muryata ta fara fita, har daga bayan gari ake zuwa. Wannan ba na sayarwa ba ne. Af, na ƙara 'yan kalmomi a tallar, an kawo sababbin caja."

Manaja ya zaga sauran shaguna. Mai wannan girman sai an yi oda daga waje, kuɗinsa kuwa ba abin da zai ɓoye wa Goggo ba ne. Kamfanin sabulu suka gaji da "gobe, gobe", suka kwashe tallarsu suka kai tashar da ke tsallaken titi.

Ran nan Manaja ya yi ta maza, ya ce a cire tallar. Labarai ba su ƙare ba sai ga Dogo a ɗakin baƙi, ya harɗe ƙafa, sukudireba tana leƙowa daga aljihun gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya gaida kowa da sunan aikinsa, ya tambayi inda ɗakin injin yake. Kafin la'asar an watsa tallar sau biyu, na biyun na ban haƙuri.

Goggo ba ta zuwa tasha, amma rediyonta ba ya mutuwa. Ta aika aka kira Manaja. Ya same ta a falo, ƙafarta mai ciwo a kan matashi, rediyon a gefenta. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Ɗan nan, wane ne wannan mai ihun da ya gaje wurin masu sabulu?"

Ya kwashe labari ya gaya mata. Ya yi bayanin ɗaki da bango da fili, yana zana su a kan kafet da yatsa. Ta bar shi har ya gama.

"Ni ban san injin ba. Yarinyar nan ta gaya maka kafin ta buɗe, ko bayan ta buɗe?"

Ya dubi kafet.

"Kafin."

"To. Kawunka ya bar mini tashar da babu hannun kowa a ciki. Yau wani yana yawo da rabinta a aljihu." Ta miƙa tafin hannu. "Kawo makullan ofis. Ka gaida matarka."

Ya ciro su daga zoben makullin motarsa, farcensa yana zamewa, ya ɗora mata. A lokacin rediyon ya yi kiɗan shigowar labarai, Dogo ya fara ihun caja da batir. Ba wanda ya miƙa hannu ya rage murya.

Goggo ta ɗora mijin 'yarta a kujerar, ta sa hannu aka yi odar babban faifai, kuma har yanzu an ce yana hanya. Injiniya tana nan a ɗakinta mai sanyi, ba a ƙara mata ba, ba a rage mata ba. Dogo ne ya ci riba, har ya kama shagon da ke kusa da nasa. Tashar tsallaken titi ta samu masu sabulu ba da guminta ba. Goggo ta yi asarar tsohon abokin ciniki. Manaja kuwa ya rasa kujerarsa, ya rasa kuma wurin zamansa a falon Goggo, yanzu daga bakin ƙofa yake gaishe ta.