Raɗar Malam Shu'aibu

A shekarun da kamfanonin Sharaɗa ke cike da ma'aikata, akwai wani kamfanin alewa da mata ke aikin naɗi a cikinsa. Atika ta zo daga wani ƙauye a bayan Ringim bayan rasuwar mijinta, ta sauka wurin yayanta a Na'ibawa. A dogon teburin naɗi aka zaunar da ita kusa da Rifkatu, mutuniyar Zonkwa, wadda kowa ke kira Maman Rut. Ita ta koya mata murɗa takardar alewa da sauri, kuma da rana kwano ɗaya suke ci.

Ɗakin naɗin yana manne da inda ake dafa sukari, labulen buhu kawai ya raba su. Ga zafi, ga masu ɗaukar narkakken sukari suna wucewa da shi ta bayan matan. Maman Rut ce ta fara cewa su je wurin manaja gaba ɗayansu, a gina bango, a sa fanka. Atika ta ce za ta shawo kan 'yan'uwanta Musulmi.

Maganar ta kai kunnen Malam Shu'aibu, mai kula da sashen. Mutum ne mai fara'a, ba ya ɗaga murya. Wata rana ya tare Atika a bakin famfo.

"Ban so in faɗa miki ba," in ji shi, "amma addini ya haɗa mu. Matar nan ta ce duk sa'ad da kuka ci tare sai ta wanke kwanon da toka. Wai warin ƙauye kike yi."

Ranar Atika ba ta ci abinci ba. Ita ma Maman Rut ya samo ta, ya ce Atika na faɗa wa mutane dauriya kawai take yi da take cin abinci da arniya. Babu wadda ta tambayi 'yar'uwarta. Kafin damina ta wuce teburin ya rabu biyu, Musulmi a wannan ƙarshe, Kirista a wancan, zancen bango kuwa ya mutu.

Ana nan, wata safiya, santsi ya ɗebi wani mai ɗaukar sukari, sukarin ya watsu a ƙafar Atika. Ta faɗi tana ihu. Kafin kowa ya motsa Maman Rut ta kwara mata bokitin ruwa, ta goya ta, ta nufi asibitin kamfani da ita.

A hanya, cikin raɗaɗi, Atika ta ce, "Ki sauke ni, kada warin ƙauye ya kama miki riga."

"Warin me?"

Atika ta faɗa mata. Maman Rut ta tsaya cak da ita a baya.

"Ni na faɗi haka? Ke fa da kika ce dauriya kike yi da arniya?"

"Wallahi ban taɓa faɗa ba. Wa ya gaya miki?"

Kafin nas ta gama ɗaure ƙafar sun gane komai. Da Atika ta samu sauƙi ta dawo aiki, suka riƙa bin matan ɗaya bayan ɗaya. Ashe kusan kowace akwai abin da aka raɗa mata. An ce wa wata mai suna Safiyatu Kiristocin na dariyar lulluɓinta. An ce wa wata 'yar Filato Safiyatu ce ke zarginta da satar alewa.

Ranar da suka shirya, ƙararrawar fara aiki ta kaɗa, babu wadda ta zauna. Suka fito tare, Atika a gaba tana ɗingishi, suka ratsa tsakar kamfanin maza na leƙowa ta tagogi, suka cika ofishin manaja har waje. Aka kira Malam Shu'aibu. A gabansa kowace ta maimaita abin da ya gaya mata, wadda aka yi wa ƙaryar ta ce ba ta faɗa ba.

Da aka gama, Atika ta dube shi. "Malam, me muka yi muku?"

"Ba ku yi min komai ba," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Ranar da aka ba ni sashen an ce min idan aka ji hayaniya daga ɗakin naɗi, ni zan tafi. Ina da iyali."

"To, tsoro ya sa ka raba mu," in ji Maman Rut. "Amma zancen bango ya mutu tuntuni. Me ya sa ka ci gaba?"

Can ya ce, "Na ga duk abin da na faɗa yana kamawa. Ban taɓa yin magana ta yi aiki haka ba."

Manaja ya yi gyaran murya, ya ce tunda an gano mai laifi zai sallame shi, kowa ta koma bakin aiki.

"Ranka ya daɗe, ba korar mutum ta kawo mu ba," in ji Atika. Ta ɗan ɗaga zaninta, tabon ƙunar ya bayyana. "Ba bakinsa ne ya yi min wannan ba. Bango muke so da fanka, kuma ba za mu zauna a teburin nan ba sai mun ga bulo."

Suka fita suka zazzauna a inuwar kantin kamfanin, alewa ta yi ta taruwa babu mai naɗi. Bayan azahar motar bulo ta shigo, magina a bayanta. Matan suka miƙe suna guɗa, 'yan Filato suka ɗauko waƙa da yarensu, Safiyatu da ba ta jin ko kalma ɗaya tana tafa musu. Shi kuwa Malam Shu'aibu aka mai da shi sito, inda buhuna kawai zai kula da su.

Da aka tashi, Atika da Maman Rut suka taka zuwa bakin titi.

"Malam Shu'aibu mugu ne," in ji Maman Rut. "Kin ji da bakinsa, daɗi yake ji."

"Na ji. Amma yayana ya san unguwarsu. Ya ce shi ke ba tsohuwarsa abinci a baki tun da ta makance. Na rasa inda zan ajiye wannan."

"Ki ajiye shi kusa da muguntar. Duk nasa ne."

Ba su ƙarasa ba wasu mata daga kamfanin biskit na kusa suka tare su. Babbarsu ta ce sun ji guɗa, kuma su ma injin ɗakinsu ya taɓa cinye wa wata yatsa.

"Yaya kuka yi?" ta tambaya.

Atika ta nemi dakali ta zauna, ta miƙe ƙafarta. "Ku matso," ta ce. "Da farko, akwai waɗanda ba sa magana da juna a cikinku?"